Katin Da Ke Ƙofar Gidan Abincinmu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a inda kuke, ya raya yara bisa hanya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata, ita kuwa kin san halinta, ba ta warkewa, ba ta kuma kashe ni. An yi wa kawunki aikin ido, yanzu yana gani tar, har ya koma gano laifin kowa. Matar yayanki ta yi nauyi, wata mai kamawa muke sa ran saukarta, ki sa ta a addu'a.

Za ki yi mamakin takarda bayan ga waya. Dalili shi ne a waya ba kya bari in kai aya, ina faɗin ɗaya kin faɗi biyar, kuma duk sanda kika kira matar yayanki na tsaye a kaina. Mai kemis na kusa da mu zai ɗauki hoton takardun ya tura miki yau. Na ce masa kada ya karanta, ya ce ko ya so ba zai iya ba, rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka. Ke dai kin saba da shi. Ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki taɓa waya.

Maganar katin nan ce da duba-gari suka manna mana a ƙofar gidan abinci. Ke ƙarshen abin kika gani a wayarki, farkonsa yana wurina. Kin san zamanin babanku, Allah ya ji ƙansa, duba-gari zai zo ya leƙa kicin, ya leƙa bayi, ya rubuta abin da zai rubuta, ya miƙa masa takarda, shi kuma ya jefa a durowa tare da tsofaffin makullai. Mai cin abinci bai san an zo ba balle ya san me aka gani. Bana aka canza. Yanzu kati suke mannawa a gilashin ƙofa, daidai idon mai shigowa. Kore, lafiya lau. Ruwan ɗorawa, akwai gyara. Ja, a rufe. Sannan duk abin da suka gani suna sa shi a intanet, kowa ya buga sunan gida ya karanta, a ƙasa kuma an bar wuri mai gida ya yi nasa bayanin. Ni ban ƙi abin ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ranar da aka manna wa na tsallaken titi ruwan ɗorawa, da gwiwar nan na tsallaka na je na karanta, na dawo ina jin daɗi, na ce dama na faɗa, mutumin da ke goge tebur da tsumman da ya goge hannu.

To a makon da suka shigo layinmu, sun faro daga sama suna gangarowa, mun san kwana ɗaya ko biyu za su iso mu. Yayanki ya sa aka wanke ko'ina har bayan murhu. Anti Kuku ta kwashe kwanonin sito kaf ta sake jerawa, kowace roba da ranar da aka zuba abin ciki. Shekara ashirin da biyu matar nan tana dafa mana abinci, ita ta goya ki ranar da na yi ɓari kina da shekara huɗu, in kin manta ni ban manta ba. Ni kuma aka ce in huta. Ban iya hutu ba. Ranar Lahadi da muka tashi da la'asar, na ga rigunan girki da mayafan tebur an wanke amma duk sun yamutse, na ce baƙi ba za su same mu haka ba. Na kwashe su na shiga sito, don teburin can ya fi faɗi. Kin san soket ɗin sito baki biyu ne, ɗaya ya ƙone tun babanku na da rai, kullum za a gyara. Ɗayan kuwa firjin nama ne a jiki. Na cire firji, na sa dutsen guga. Na sha yin haka, minti talatin ne in mayar. Na goge riga shida da mayafi goma sha biyu, na ninke, na kashe dutse, na kulle sito da makullina, na wuce ɗakina ina yaba wa kaina.

Litinin ƙarfe takwas da rabi duba-gari ta iso. Mace ce, yarinya ƙarama da tabarau, ba ta fi ki ba, ba ta dariya kuma ba ta faɗa. Na kawo mata shayi ta ce ta gode, ba ta sha. Ta duba farcen kowa, ta haska ƙarƙashin kanta da tocila, ta buɗe famfo ta tsaya har ruwan zafi ya zo. Duk tana gyaɗa kai. Da ta shiga sito, firji yana aiki, ana jin gurnaninsa. Ta buɗe, ta ciro wani ƙarfe mai tsini daga aljihu ta soka a cinyar kaza, ta dubi lambar da ya nuna, ta sake sokawa a naman sa. Sai ta ce naman nan ya kwana ba sanyi. Yayanki ya ce ba zai yiwu ba, ga firji na aiki. Ta ce firjin yanzu ya fara aiki, naman ne ke faɗin gaskiya. Aka juya kan Anti Kuku. Ta ce da ta zo ƙarfe bakwai a kashe ta same shi, ta kunna, tana jiran yayanki ya dawo daga kasuwa ta gaya masa a zubar. Aka ce wa ya kashe? Ta ce a kashe ta same shi. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. A gabanmu aka zuba wa naman magani aka kai bola, duba-garin kuma ta fita ta manna ruwan ɗorawa a gilashi, ta ce za ta dawo bayan mako uku. Da za ta tafi ta ce rigunanmu sun yi kyau.

Wallahi Auta, har lokacin ban tuna ba. Ina tsaye ina tsine wa wanda ya yi wannan aiki tare da kowa. Sai da na koma ɗaki da azahar na ga dutsen guga a bakin ƙofata, an naɗe wayarsa tsaf an soke bakin a ƙarƙashi. Ni ba na naɗe waya haka, dunƙule ta nake yi. Anti Kuku ce ke naɗewa haka. Na zauna a bakin gado, abin ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya, har inda na sunkuya na zare filogin. Wato ta zo da safe ta ga dutsen a jiki, ta cire, ta mayar da firji, ta kawo mini kayana ta ajiye, ba ta gaya wa kowa ba.

Abin da ya biyo baya da hannunki a ciki, don haka ki saurara. Kafin yamma abin ya hau intanet. Ranar Talata tebur goma sha huɗu, uku ne aka zauna. Ma'aikatan bankin nan da ke zuwa cin rana, ina kallonsu ta taga, suka tsaya a ƙofa, ɗaya ya ciro waya ya karanta wa sauran, suka juya. Wani tsohon kwastoma da ya ci abincinmu tun yana saurayi ya shigo ya ce a ba shi shayi kawai, kuma ya tambaya ko madarar ta gwangwani ce. Yayanki ya jawo allon da muke rubuta abincin rana ya jingina a gaban katin. Na ce ya ɗauke, duba-garin ta ce wanda ya rufe kati ja zai samu, kuma ko ba ta faɗa ba, mai ɓoye ruwan ɗorawa mutane za su ɗauka ja ne. Ya ɗauke yana huci. Da yamma kika kira yayanki. Ina jin muryarki daga inda nake, kina cewa a inda kike in irin wannan ta faru mutane so suke su ji an hukunta wani, a rubuta an gano mai laifi an sallame shi, shi ne hankali zai kwanta. Kika ce ke za ki tsara kalmomin tunda ke kika buɗe mana shafin, lambar shiga tana hannunki. Kika ce a ba ki ni, kika tambaye ni ko na sha maganina. Na ce na sha.

Laraba yayanki ya sallame ta. Hujjarsa ita ce ke kulle kicin, ita ke duba firji. Ina zaune a kujerata ta bakin kanta ina tsince shinkafa. Ta cire rigar girkin, wadda na goge, ta ninke ta ɗora a tebur, ta ɗauki wuƙarta da ta zo da ita daga gida tun farko, ta naɗe a jarida. Da ta zo wucewa ta ce, "Mama, sai wata rana. A riƙa shafa wa gwiwar man zafi." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ɗaga kai ba. A ranar kika sa rubutunki: sakacin wata ma'aikaciya ne, an sallame ta, muna ba da haƙuri. Mai kemis ya karanta mini, ya ce 'yarki ta iya magana.

Za ki ce me ya hana ni buɗe baki. Ba kunya ba ce, na wuce shekarun kunya. Tsoro ne. Tun bara ke da yayanki kuke ƙus-ƙus a kaina, kuna zaton kunnena ya mutu. Mama ta fara mantuwa, a kai ta likita, a karɓi makullin sito, ta koma gidan yaya ta huta. Ni kuma kullum in ce ƙarya ne. To ba ƙarya ba ne. Sau biyu na bar gas a kunne. Sau ɗaya na zuba gishiri a miya na dawo na sake zubawa. Duk Anti Kuku ce ta gani, ta gyara, ta yi shiru. Na san ranar da na ce ni na cire filogi, ranar zan bar kicin ɗin da ni da babanku muka fara da tebur biyu da murhu ɗaya. Sai na ce wa kaina ai ita gwana ce, ko'ina za a ɗauke ta, kafin mako ta samu inda ya fi namu. Da wannan na yi kwana shida ina cin abinci.

Shekaranjiya mai kemis ya kira ni gefe. Ya ce Anti Kuku ta je neman aiki wuri biyu. A otal ɗin bakin tasha manajan bai ma bar ta ta zauna ba, ya juyo mata da waya ya ce ba ke ce wannan ba? Ke kin ce ba ki sa suna ba. Auta, kuku nawa gare mu? Duk wanda ya taɓa cin abinci a layin nan ya san mace ɗaya ce a bakin murhunmu. Katin duba-gari nama ya ambata, bai ambaci mutum ba. Mu muka sa mutum.

Na hau mota na je gidanta. Hawa uku ne benen, na yi shi a zama huɗu. Na same ta tana yanka albasa a ƙofar ɗaki, mijinta na ciki a kwance, kin san tun da ya faɗi ɓarin jikinsa bai dawo ba, ita ke ci da gidan. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa, ta tambayi matar yayanki. Na ce ba gaisuwa ta kawo ni ba, na ce me ya sa ba ki faɗa ba. Ta ce a gaban baƙuwa da ɗana za ta nuna ni da yatsa? Ta ce ta ajiye mini dutsen ne don in sani, ta ɗauka kafin dare zan yi magana. Ta jira Litinin, ta jira Talata. Ranar Laraba da take ninke riga ma tana jira. Ba ta ɗaga murya ba, albasarta kawai take yankawa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ta dawo, zan gaya wa yayanki, za a ƙara mata albashi. Ta ajiye wuƙa ta ce, "Mama, ba a ɗaki aka ɓata ni ba. Inda aka rubuta ni, can za a gyara." Ta ce in ba haka ba ko ta dawo, duk wanda cikinsa ya murɗa a garin nan ita zai tuna. Ta raka ni har ƙasa tana riƙe da hannuna a matakala.

Jiya da safe kafin a buɗe na samu yayanki yana goge gilashin ƙofa, yana zagaye katin da tsumma. Na gaya masa duka, har gas da gishiri. Ya ci gaba da gugar gilashin. Da ya juyo sai ya ce ya ji, maganar ta tsaya nan. Zai je da kansa ya ba ta haƙuri, ya dawo da ita, a goge rubutun a wuce wurin. Na ce ya tambaya tukuna. Ya kira ofishin duba-gari, suka ce ba a goge bayanin da aka riga aka sa, sai dai a ƙara wani a ƙarƙashinsa, kuma duka biyun za su zauna kowa na gani. Nan ya hau sama. Ya ce shi ba zai sa uwarsa a intanet 'yan zaman banza su yi dariya ba, za a ce gidan da tsohuwa mai mantuwa ke yawo a kicin, wa zai sake shigowa? Ya ce a rubuta kuskure ne na wutar lantarki. Na ce ƙarya ɗaya ba ta ishe mu ba sai mun yi mata ƙanwa? Kuma wutar lantarki ba ta wanke matar nan, za a ce ita ce ba ta duba ba. Ya ce in dai yana raye ba za a rubuta ba. Na ce to ba a hannunka lambar take ba.

Maganarsa ɗaya gaskiya ce, ba wanda zai ci abincin kicin da nake shiga. Don haka na kwance makullin sito daga bakin zanena na ajiye masa a tebur. Na tsaya kaɗan ko zai ce in ɗauka. Ya sa a aljihu. Daidai ya yi, ni na haife shi, ba sakarai ba ne. An kira mai gyaran wuta ya sa wa firji nasa soket shi kaɗai, aikin da bai ɗauki awa ɗaya ba, shekara tara muna cewa gobe.

Saura kwana goma yarinyar nan ta dawo da ƙarfenta. Wanda yayanki ya ɗauko ya riƙe murhu bai san inda komai yake ba, jiya na hango shi daga ƙofa ya ɗora ɗanyen nama a saman dafaffe, na yi magana ya ce wace ce wannan. In aka same mu haka ba kore za mu gani ba. Amma ko da kore na jiranmu a aljihunta, abin da zan ce miki ke nan. Ga abin da za ki sa a ƙarƙashin naki, kada ki yi masa kwalliya, kada ki sa irin kalmominku masu santsi:

"Bayanin da muka yi a sama ba gaskiya ba ne. Uwar mai gidan ce ta cire filogin firji don ta yi guga, ta manta ba ta mayar ba. Kukunmu ita ta gano, ita ta kunna, ba ta da laifi ko kaɗan, mun zalunce ta. Tsohuwar ta bar kicin."

Na san yayanki zai kira ki, wataƙila ya riga ni. Zai ce ki rufa wa uwarki asiri. Uwarki ce ke gaya miki ba ta so. Zai yi fushi da ke wata ɗaya ko biyu, matarsa na haihuwa zai huce. In kuma kin ga ba za ki iya ba, ki faɗa mini kai tsaye kafin Asabar, kada ki ja ni da za mu duba. Ina da kwali da alƙalami, kuma gilashin ƙofar da faɗi, akwai wuri a gefen katin. Sai dai na kwali 'yan layinmu kawai za su gani, manajan otal ba zai gani ba, shi ya sa nake roƙonki. Ban saba roƙon 'ya'yana ba, kin sani.

Maganar likita na yarda, ku sa rana. Maganar komawa gidan yayanki ban yarda ba tukuna, kada ku haɗa su. Kuma kada ki kira ni kina kuka, ba mutuwa na yi ba. In kin sa rubutun, ki kira Anti Kuku da bakinki, ba saƙo ba, ki gaishe ta, ki gaishe da mijinta, ki ce ke kika rubuta na farko.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce na gode da takalman, sun yi mini yawa amma ina sawa da safa. Ki gaida babban yaronki da takwarata da ƙaramin da bai san ni ba sai a hoto. Kawunki da gwaggonki suna gaishe ki, matar yayanki ma haka, mai kemis ya ce in sa nasa. Yau tun asuba na tashi na ɗaura ɗankwali, sai da na kai ƙofar sito na laluba bakin zane na ji wayam. Na dawo na zauna na rubuta miki wannan. Abin da zan yi da hannuwana gobe, wannan nawa ne. Naki shi ne layi huɗun nan.

Allah ya yi miki albarka.

Ni ce,
Uwarki